Bakin Tafkin Alhaji Nagoda

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo gidan Alhaji Nagoda a Tudun Wada, ya nutse cikin sabon tafkin ninƙayarsa. Na biyu ya fasa fitila. Gida ya yi tsit, sai ƙarar ruwa.

Tun farko Chigozie mai tayil ya nuna masa bakin tafki iri uku: mai marmara a lanƙwashe, mai gangara kamar gaɓar rafi, da mara baki sam, wanda ruwa ke tumbatsa yana kwarara ta gefe ba tsayawa. Mu maƙwabta masu hangen nesa muka ce ya ɗauki na farko. Ina! Wai ko a Hanwa, unguwar masu kuɗi, ba mai irin na ukun.

Jifa ta zama ta kullum. Ran nan aka tsinci 'yarsa Hanifa a gefen ruwan, jiki sandare, tana magana da muryar tsohuwa.

Malam Jamaluddeen mai ruƙiyya ya zo. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Mazauniyar wurin nan ce. Ko ruwan wanke-wanke mace za ta watsar, bismilla take yi mu kauce. Shi kuwa mai gidan nan ya sako mana ruwa a ka, safe da yamma, ba ko sallama. Jikokina duk mura."

"Me zai sa ki sake ta?"

"Ya ɗaga bakin. Bulo da siminti, kamar na rijiya."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam, tambaye ta, mai gangaran fa? Ko na marmara?"

"Alhaji!" in ji Hajiya Maijidda, kan 'yarta bisa cinyarta.

"Siminti fa muni gare shi. Baƙi za su zo..."

Muryar ta ce, "Malam, wannan ne uban? Na riƙe 'ya'yan mutane da yawa, ban taɓa ganin wanda ya tsaya ciniki ba. Sa marmarar. Na tafi, kunya ta ishe ni."

Hanifa ta yi atishawa, ta buɗe ido. Alhaji ya durƙusa, ya miƙa hannu. "Sannu, uwata."

Ta ja mayafinta, ta juya wajen mahaifiyarta.

"Ina ji fa, Baba," ta ce a hankali. "Bakina ne kawai ta riƙe."