Farin Gurjin da Ya Yi Barci

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wata yarinya da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata ƙullin iri guda. Irin farin gurji ne, fari sol kamar madara, babu mai irinsa duk ƙauyen.

Damina ta sauka, ta shuka shi duka. Da ya yi 'ya'ya ta ɗaga ganye, sai ga gurji kore. Ta ɗaga wani, kore.

Ta kama yaɗon za ta tumɓuke, sai kakarta ta ce, "Ke, sarkin gaggawa, me ya yi miki?"

"Kaka, ba na Inna ba ne. Nata ya ɓata."

"Bai ɓata ba. Bara gonarta na jikin gonar masu koren gurji, ƙudan zuma suka yi ta kai da kawo tsakanin furanni. Kore ya fi ƙarfi, sai farin ya kwanta barci a cikin ƙwaya. Ki bar su su nuna, ki cire iri."

Yarinya ta saki yaɗon. Ƙawayenta na ta cin nasu da ƙuli-ƙuli, ita ta bar nata har ya yi rawaya, ta shanya irin, ta adana.

Wata daminar ta sake shukawa. Ta ɗaga ganye, kore. Ta ɗaga wani, kore. A gindi na huɗu sai ga shi kwance cikin raɓa, fari sol.

Ta durƙusa, ta ce a hankali, "Sannu da tashi."