Jirgin da Doki Ke Ja

A bakin lambun Central Park na birnin New York Nimatu ta fara ganin Fataw, ranar da ta turo Mama Nora a keken guragu. Tsohuwa ce 'yar asalin Ireland, Nimatu ke jinyarta. Fataw kuwa keken doki yake tuƙa wa masu yawon buɗe ido. Ya miƙa wa tsohuwar karas ta ba dokin, amma idonsa na wani wurin.

A ɗakin Mama Nora akwai zanen wani dogon jirgin fasinja a siririyar hanyar ruwa, doki na jansa da igiya daga gaɓa. A irinsa kakar mahaifiyarta ta baro gida. Saurayin da ke kan dokin yana waiwayenta, tana kallonsa, har aka kai zangon sauya dawaki, aka kwance igiya, ya juya. Ba ta sauka ba. A New York ta tsufa tana maganarsa.

Soyayyar Nimatu da Fataw ta yi nisa, sai mahaifin Nimatu ya taka birki.

"Mai warin doki? Ga Abdulwahab mai aikin ofis!"

Tsoro ya sa Nimatu ta daina ɗaga wayar Fataw. Kullum cikin kuka take shiga jirgin ƙasa. Rannan saƙo ya shigo:

"Nima tawa, ko a'a ce ki rubuto min. Shirunki ya gama da ni. Sanyi na shigowa zan koma Kumasi."

Ba ta amsa ba.

Jikin Mama Nora ya yi tsanani. Wata safiya ta riƙo hannun Nimatu.

"'Yata, ina mai dokin?"

"Baba ya hana, Mama."

Tsohuwar ta dubi zanen. "An kusa kwance igiya. Ki sauka."

Kafin azahar ta cika.

Nimatu ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, wanda ka ba ni zan bi. Amma wallahi zan tsufa ina maganar Fataw."

Ya goge ido.

"Ki ce ya turo manyansa."

A wani masallaci a unguwar Bronx aka ɗaura aure, aka yi ta sa albarka. Washegari Fataw ya buɗe mata kujerar fasinja ta keken dokinsa, wadda ya yi wa ado da furanni.

Nimatu ta tuna tsohuwar, hawaye ya zubo. Ta tattare lesinta, ta haye gaba kusa da shi.

"Matsa min, angona. Ni na sauka."