Na'urar da Ke Cikin Safar Izzuddeen

Da hantsi masunta suka tsinci gawa a bakin fadamar shinkafa kusa da Gulma. Kafin Sufeto Adawiyya Kalilu ta iso daga Birnin Kebbi, mutane sun ja da baya, ba mai son a ce shi ya fara gani.

Saurayi ne, babu sara babu suka a jikinsa, sai wani ɗan ɗigo a gefen wuya kamar cizon sauro. Adawiyya ta daɗe tana kallon wurin. Sawun allura ne.

Kofur Nasrullahi, abokin aikinta, ya laluba gawar. A aljihu ya samu katin shago: Izzuddeen Tamba, mai gyaran kwamfuta, unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi. A cikin safa kuwa ya zaro wata baƙar na'ura mai igiya, da tsaga a bakinta.

A shagon suka tarar da yayar mamacin, Mubina, wadda suke aikin tare. Da ta ga na'urar sai ta dafe bango.

"Ta karanta kati ce," ta ce. "Irin katin da ka buɗe ƙohwa ko kwamfuta. Amma wagga tana iya kwahe kati zuwa wani."

"Ta wa ce?"

"Wani mutum ya kawo ta da kwamfutarshi, ta ƙi aiki, sai an sa direba."

Nasrullahi ya ɗaga kai. "Wane direba? Ina motar?"

"Ba na mota ba. Manhaja ce da ka sa kwamfuta ta gane na'ura. Wagga tsohuwa ce, kamfanin ya bar yi mata direba na sabbin kwamfutoci. Izzuddeen ya sha wuya kahin ta kama. Da ya gwada da katin da mutumin ya kawo, sai sunan wata nas Kausar ya hito, ta wani asibiti a Argungu. Nan ya riƙe na'urar, ya ce ba shi bayarwa."

"Kin ga fuskar mutumin?"

"Ina bayan labule ina salla. Jiya ya kira shi, wai su daidaita." Ta kama hannun Sufeto da ƙarfi. "Ranki shi daɗe, ya san ina nan. Ya ga takalmana."

Adawiyya ta bar mata ɗan sanda a ƙofa, suka kama hanyar Argungu.

Asibitin na kuɗi ne, ƙarami. Ɗakin magani ba ya buɗuwa sai da kati, kuma an dakatar da nas Kausar saboda allurai masu gusar da hankali sun ɓace da katinta. Aka kirawo ta, ta zo idanu jajur.

"Kin taɓa ba wani katinki?"

"Ban taɓa ba."

"An kashe mutum saboda katin nan, Kausar."

Ta dubi ƙofa, ta sassauta murya. "Malam Sunusi, manaja, ya amsa wai za a sabunta. Ya ce in na hwaɗa, ni za a ɗaure."

Sunusi ya tarbi Sufeto da fara'a a ofishinsa, dattijo mai farar hula da tabon salla. Ya ce bai san wani Izzuddeen ba, kati kuwa ƙarya yarinyar take. Adawiyya ta tura Nasrullahi ya gwada na'urar a kwamfutocin gaba. Ya dawo ya ce ko motsi ba ta yi, rubutu kawai ke fitowa wai ba a gane ta ba. Ta sake tura shi ya zo da likitan asibitin.

Ta ajiye na'urar a tebur. "Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganin irinta ba."

"To buɗe kwamfutarka ta cikin jakar can mu gwada. In baƙuwa ce, kwamfutarka ma ba za ta gane ta ba."

Ya buɗe a hankali. Ta sunkuya ta jona igiyar, ta zura katin Kausar da ta karɓo a hannunta. Koriyar wuta ta kama, sunan Kausar ya fito ɓaro-ɓaro.

Sai ta ji ƙarar makulli a bayanta.

Ta waiwaya. Sunusi na jingine da ƙofa, sirinji a hannunsa, babu murfi. Bindigarta na cikin jakarta a kan kujera, kuma kujerar ta fi kusa da shi. Ta tuna wuyan Izzuddeen. Amma ta lura tsoro ne a idonsa, har ya fi nata.

"Malam Sunusi, wa kake tsoro? Ba ni ba ce."

Fuskarsa ta yamutse. "Mutanen daji. Suna da masu rauni, suna son allura. Sun turo mini hoton ɗiyata Sumayya bakin makaranta. Yaron nan ya ce zai kai na'urar wurinku. Na roƙe shi har ƙasa, ya ƙiya. Na yi mishi allura cikin mota, na kai shi fadama. Na nemi na'urar ban gani ba."

"Ajiye sirinjin, mu yi maganar Sumayya."

Nasrullahi ya fara dukan ƙofa daga waje. Sunusi ya dubi allurar kamar yanzu ya fara ganinta, ya sake ta, ya durƙushe. Adawiyya ta take ta da takalmi kafin ta murɗa makullin.

Da aka sa masa ankwa ana jan sa zuwa mota, ya turje a bakin ƙofa.

"Sufeto, don Allah! Yanzu za a tashe su makaranta. In suka ji an kama ni..."

Adawiyya ta dubi direban motar. "Ofis ya jira. Malam Sunusi, wace makaranta?"