Taku Ɗari Huɗu da Tamanin

Damaris na zaune a tsakar ɗaki tana tsince acca, cikinta na wata bakwai ya hana ta sunkuyawa yadda take so, amma idonta ba ya kan farantin. Yana kan wayar da ta ajiye a cinyarta. Sau biyu ke nan tana zubar da tsaba ta bar tsakuwa.

"Ke kuwa lafiya?" in ji Anti Celina, ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, wadda ta kawo mata accar daga ƙauye. "Tun da na zo kike kallon wayar nan kamar za ta haihu kafin ke!"

"Ba komai, Anti."

"Ba komai ɗin ne ya sa idonki ya yi ja? Miƙo nan in gani!"

Asalin maganar agogo ne. Watanni biyu da suka wuce likita ya ce wa mijinta Uchenna yana da hawan jini, dole ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Shi kuwa Uche bakanike ne a Kakuri, mutum ne da ko burodi zai saya a bakin layi sai ya tayar da babur. Sai Damaris ta saya masa agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya. Matsalar ita ce, agogon na wani kamfani ne, wayarsa ta wani, kuma manhajar lafiya da ke cikin wayar ta ƙi karɓar komai daga agogon, sai ka ce maƙwabtan da ba sa gaisawa. Wuni guda Damaris ta yi tana fama, har ta samo wata manhaja ta uku mai shiga tsakani, wadda ke kwaso lissafin daga manhajar agogon ta juye shi a ta lafiya. Da aka zo wajen sa imel, Uche ya sosa ƙeya ya ce ya manta fasawod ɗinsa, kamar yadda ya saba. Ta yi tsaki ta sa nata. Tun daga ranar, duk takun da ya yi yana shiga wayarsa, yana kuma shiga tata. Ta so ta gaya masa, sai kuma leƙen ya yi mata daɗi, ta yi shiru.

Da farko abin dariya ne. In ta ga taku dubu biyu ta san ya yi lalaci, ta rage masa nama a miya. Amma makonni uku ke nan da dariyar ta ƙare.

Ta matso kusa da Anti Celina ta nuna mata. "Kin ga nan? Kullum daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma. Taswira tana nuna shi a Nasarawa, wani lungu bayan injin niƙa, alhali ya ce min yana gareji. Awa guda cur a gida ɗaya. Takun kuma ɗan kaɗan ne: ranar farko arba'in, jiya ɗari uku da goma. Amma dubi zuciyarsa, Anti! Ɗari da goma sha takwas, ɗari da ashirin!"

Anti Celina ta tafa hannu. "Zuciya na gudu, ƙafa ba ta tafiya? Yesu na! Ke ƙaramar yarinya ce da sai an yi miki bayani?"

"Ba shi ke nan ba." Damaris ta ci gaba. "Shekaranjiya yana wanka na buɗe wayarsa. Wannan awar babu ita. Yana goge ta kullum. Bai san kafin ya goge, ta riga ta wuce zuwa tawa ba."

"To me kike jira kuma? Wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai goge?" Anti Celina ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, alamar doguwar magana ta zo. "Ai mun faɗa! Babanki ya faɗa, kika toshe kunne. Ya ce ga 'ya'yan mutanenmu cike da coci, kika ce ke sai ɗan Ibo. Shekara biyu ke nan babanki Ebenezer bai taka gidan nan ba, ko wayarki ba ya ɗauka, duk a kan wannan mutumin. Ga sakayyarki nan!"

Wannan ce maganar da ta fi yi wa Damaris ciwo, domin gaskiya ce. Ta rasa uba saboda miji. Ranar aurenta kujerar Baba babu kowa a kai, kawunta ne ya miƙa ta. In kuwa mijin ma ya zama na wata, to ita me ta tsira da shi?

Da yamma Uche ya dawo yana fito, da ledar lemo a hannu. Ta zuba masa gwaten acca ta zauna tana kallonsa, shi da agogon da ke ɗaure a hannunsa kamar bai san komai ba.

"Uche, yau da ƙarfe huɗu kana ina?"

"Gareji mana. Wata tsohuwar mota ta sha min kai, Dama, tun safe nake..."

Ta tura masa wayarta a kan tebur. Ya duba, ya ƙara dubawa, cokalin ya tsaya masa a hanya.

"Ya aka yi wannan ya shigo wayarki? Ai na yi dilit, na goge shi!"

"Au! Abin da za ka fara tambaya ke nan?" Hawaye suka zubo mata. "Ba ka ce ƙarya ne ba, ba ka ce kuskure ne ba. Wace ce ita? Faɗa min sunanta kawai!"

"Babu wata, Dama. Na rantse da Ubangiji babu wata."

"To gidan wa kake zuwa?"

Ya ajiye cokalin. "Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Abeg, ina roƙonki, ki ba ni mako biyu kacal. Mako biyu, za ki gani da idonki."

"In ba ka mako biyu ka shirya sabuwar ƙarya?"

Ta tashi ta shige ɗaki ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Tana ninke kaya tana kuka, tana jin sa a bakin ƙofa yana kiran sunanta a hankali. Har yanzu tana son sa, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Washegari da la'asar Anti Celina ta iso gidan Damaris a unguwar Kamazou da mai Keke Napep, aka ɗora akwati. Har sun hau titi Damaris ta dubi agogon wayarta, ƙarfe huɗu saura kwata.

"Malam, bi da mu ta Nasarawa."

"Me za ki yi a can?" in ji Anti Celina.

"Ina so in ga fuskarta. In ban gan ta ba, kowace mace na haɗu da ita a kasuwa zan ce ita ce."

Anti Celina ba ta hana ba. Hasali ma ta cire 'yan kunnenta ta jefa a jaka.

Taswira ta kai su har bayan injin niƙa, gaban wani gida mai ƙofar langa-langa. Ga babur ɗin Uche nan a jingine a inuwa, ba kunya ba tsoro. Wani dattijo mai farin gemu yana zaune a zaure da carbi a hannu, ya ɗago zai amsa sallamar da ba a yi masa ba, Anti Celina ta riga ta wuce shi kamar iska.

"Ina take? Fito nan, mai raba aure! Fito ki..."

Sai ta tsaya cak. Damaris da ke bayanta ta leƙa ta saman kafaɗarta.

A tsakar gidan wani tsoho ne ramamme yake tafiya da sanda, yana jan ƙafar hagu, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. An ɗaura masa zani a ƙugu, Uche na biye da shi yana riƙe da bakin zanin da hannu biyu don kada ya faɗi. Agogon yana ɗaure a hannun tsohon na dama.

"Saura kaɗan, Baba," Uche ke cewa. "Mu kai randar can mu huta. Ɗaga ta, ɗaga ta... yauwa!"

"Baba?" Damaris ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba.

Tsohon ya juyo. Ɓarin bakinsa ya karkace, kansa ya yi fari fat, amma shi ne, Baba Ebenezer. Ya dube ta, ya dubi cikinta, sai ya kawar da kai ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Sandar ta faɗi. Ba don zanin da ke hannun Uche ba, da ya bi ta.

Dattijon zaure ne ya shigo ya kawo kujeru. "Ku zauna, 'yata. Ni ne Zakariyya'u, shekara ashirin muka yi da mahaifinki a masaƙa kafin a rufe ta. Wata uku da suka wuce ya faɗi a ɗakinsa a Sabon Tasha, ɓarin jiki ya shanye. Maƙwabta suka samu lambata a littafinsa. Daga asibiti na kawo shi nan. Na ce a kira ki, ya ce in na kira ki zai bar min gidan ko da rarrafe ne."

"Saboda me, Baba?" Damaris ta durƙusa a gabansa da ƙyar. "Har yanzu ba ka yafe min ba?"

Maganarsa tana fita a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. "Ke... za ki yafe min. Da ƙafata na ƙi zuwa aurenki. Ba na so a kawo ni gidanki a ɗauke kamar kaya, ki yafe min don tausayi. Da ƙafata nake so in zo."

"Ni na yi suɓul da baka," in ji Malam Zakariyya'u. "Na kai babur ɗina gyara Kakuri, ina ba da labarin abokina, ashe surukinsa nake ba wa. Ranar da yaron nan ya fara zuwa, Ebenezer ya jefe shi da kofi. Washegari ya dawo. Kwana shida yana zuwa yana zama a zaure kafin a bar shi ya shigo."

Uche ya share gumi da gefen hannu. "Likitar gashin ƙashi ta ce a riƙa ƙirga masa taku, a lura da zuciyarsa kada ta wuce kima. Sai nake ɗaura masa agogon. In mun gama in rubuta a takarda in goge, don kada ki ɗauki wayata ki gani." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Na auna, Dama. Daga inda keke ke sauke mutane a bakin titi zuwa ƙofarmu, da irin takun Baba, ɗari huɗu da tamanin ne. Shi muke nema. Yau mun kai ɗari uku da arba'in."

Damaris ta tuna lambobin da ta yi makonni uku tana kallo da baƙin ciki: arba'in, sittin da biyar, ɗari da goma. Ashe zuciyar da ta yi ta tsine wa, ta mahaifinta ce, tana fama ta kawo shi gare ta. Kunya ta rufe ta, ta fashe da kukan da ya fi na jiya.

"Ka yafe min, Uche. Na yi maka leƙen asiri, na kuma yanke maka hukunci."

"Ni ma na yi miki ƙarya, kina da ciki kina kwana da damuwa. Da na ce miki akwai amanar da na riƙe tun farko, da ba mu kai nan ba."

Anti Celina kuwa tana gefe tana lalube a jaka, wai 'yan kunnenta take nema. Da ta ga idon kowa ya dawo kanta, ta ce, "To ai ni... ai ni na san yaron nan yana da hankali. Bari in ce wa mai keke ya mayar da akwatin."

Damaris ta so a tafi da Baba gida a ranar, amma ya kafe. "Ki koma ki jira ni. Ba a canza magana ba."

Kwana goma sha biyu bayan haka, ranar Lahadi bayan an taso sujada, keke ya tsaya a bakin titin Kamazou. An gargaɗe ta kada ta taro shi, saboda haka ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da ƙarfen get kamar za ta lanƙwasa shi. Ta hango shi da rigarsa ta zuwa coci, sanda a hannu, agogon Uche a ɗaure a hannunsa, babu zani a ƙugu. Uche na gefensa hannuwa a buɗe, amma bai taɓa shi ba. Sau uku yana tsayawa ya huta. Wajen mai sayar da gawayi ya yi tangal-tangal, Damaris ta yi ƙara, ya ɗaga mata hannu alamar ta tsaya inda take. Maƙwabta suka firfito suna kallo.

Da ya iso, numfashinsa na fita da ƙyar, ya dafa kafaɗarta. "Na zo, Damaris. Na makara shekara biyu, amma na zo." Sannan ya juya ya kamo hannun Uche ya ɗora a kan nata, abin da ya ƙi yi ranar aure. "Ɗana, ga matarka. Yau na ba ka ita."

Suna cikin wannan koke-koke wayarta ta yi ƙara, lissafi ya shigo. Uche ya leƙa. "Ɗari huɗu da tamanin da uku! Baba, ka yi mana gyara!"

Har Baba Ebenezer sai da ya yi dariya da rabin bakinsa.

Don haka, 'yan'uwa masu aure da masu niyya, waya za ta iya gaya muku taku nawa mutum ya yi da inda ya tsaya, amma dalilin tafiyar sai an zauna an tambaya, an kuma yi haƙurin jiran amsa. Shi ma mai riƙe da sirrin alheri ya tuna akwai wadda ke kwana da zargi saboda shirunsa. Damaris ta kusa barin gidanta saura taku ɗari da arba'in mahaifinta ya iso.

Ba ta cire imel ɗinta daga manhajar ba, Uche ne da kansa ya ce ta bar shi. Amma lissafin ranar Lahadin nan ta ɗauki hotonsa ta adana, ta ce in yaron ya girma za ta nuna masa yadda kakansa ya zo gidansu.