Kiran da Maigadi Ya Yi

Kowa a unguwar Maigadi yake ce masa, alhali bai taɓa gadin gidan kowa ba. A fim yake gadi. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya buɗe ƙofa, mota ta shige, ya rufe, a sallame shi. Shi ya sa ranar da darakta ya ce za a mayar da wani littafin almara fim, kuma shi zai fito a bokan da ke kiran sarkin aljanu, sai da bawan Allahn nan ya zauna a bakin gado ya share hawaye.

Haddar ce ta ba shi wuya, kai ya fara tsufa. Sai ya riƙa zama a tsakar gida da yamma, 'yarsa Auta tana riƙe masa takardar. Shi ya yi kiran, ita ta karanta amsar aljanin da ƙatuwar murya, su tuntsire da dariya. Matarsa tana kwashe shanya tana cewa, "Ku dai ku bari a yi magariba lafiya." Wa ya saurare ta?

Ranar da aka ɗauki fitowar, darakta ya sa shi maimaita kiran har muryarsa ta dishe. Ya dawo gida rana ta faɗi, unguwa ta yi tsit. Yana cire takalmi, dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Ya leƙa waje, ba yaro ba babba. Da ya juyo, Auta tana tsaye a bakin famfo, bokiti ya cika yana zuba a ƙafarta.

"Na amsa," in ji ta.

Amsar aljanin ce ta cikin fim. Amma muryar ba irin wadda take yi da wasa ba ce.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba mai daɗi ba. Duhu na sauka jifa zai fara, Auta ta zauna a lungu ta ƙura wa ubanta ido, ba ci ba sha. An kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Maigadi ya rame ya lalace. Ya fi kowa son yarinyar nan, ga ta a gabansa, amma ko hannunta ya kama sai ya ji kamar ya kama na baƙo.

Yayan matarsa ne ya kawo wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a tabarma ya fara karatu a hankali. Can sai Auta ta miƙe zaune, wuyanta ya sandare.

"Me ya kawo ka gidan mutane?" in ji malam.

"Kirana aka yi," muryar ta ce. "Ya kira, na taso. Wani ya ce a sake, ya sake, na sake tasowa. In na iso sai a kashe fitilu kowa ya kama gabansa. Wannan ce kaɗai take amsawa da sunana. Na ga ta yi mini wuri, na zauna."

"Wasa suke yi."

"Ku kuka san wasa."

Malam ya ci gaba da karatu, muryar tana gurnani, tana cewa a bar mata yarinyar ko da shekara guda. Malam bai ko ɗago kai ba. Daga ƙarshe ta ce, "Zan tafi. Amma kada in ƙara jin muryarsa da kiran nan. In na ji zan dawo, kuma ba ni ba tafiya."

"Na yi alkawari," in ji Maigadi. "Har abada."

Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta ce, "Mama, ƙishirwa." Maigadi ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Sai da ya raka malam ya dawo, sannan ya tuna da kyamara. Ai ta riga ta ɗauki muryarsa yana kiran.

Da sassafe ya isa ofishin darakta. Ya durƙusa wa yaron da a haife ya haife shi, ya ce a cire fitowar, ko a ɗora muryar wani, shi ya haƙura da fim ɗin gaba ɗaya. Darakta ya ɗaga shi, da alamar ya tausaya.

"Baba, ai bakin alƙalami ya bushe. Da wannan fitowar muka yi tallar fim ɗin, tun jiya muka sake ta. Ka ga yadda ake yabonka kuwa?"

A hanya mutane suna ta ɗaga masa hannu. Mai shago ya ce yau ba Maigadi, sai Boka. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan, amma ko murmushi ya kasa.

Ya shiga gida ya zare wayar talabijin, ya karɓi wayoyin kowa ya kashe, ya rufe tagogi. Ya zauna kusa da Auta yana kallonta tana cin abinci, loma ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi ja, ta faɗi.

Daga bayan katanga, a gidan maƙwabta, wani ya ƙara sautin wayarsa. Maigadi ya ji muryarsa, tar, tana kiran. Ya kai hannu zai toshe mata kunne.

Auta ta ajiye cokalin a hankali, ta juya wajen katangar, ta gyara murya.