Yayana A Takarda

"Danna mana, Sagal! Kin tsare kwamfuta da ido kamar za ta cije ki."

Ban danna ba.

Fom ɗin tallafin karatu ya tsaya a kan tambaya ɗaya: kina da aure ko ba ki da shi? A ƙasa an gargaɗi mai ƙarya da kotu. Liiban ya ajiye min shayi mai citta ya zauna kusa da ni. Lallen aurenmu ko gama fita bai yi ba daga hannuna.

"In na ce ina da aure, sunanka za su nema da lambar shaidarka..."

Ya san sauran.

A sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab maraya ne shi, a tantin maƙwabta. Da za mu taho Amurka, Aabo mahaifina ya tausaya masa, ya rubuta shi cikin 'ya'yansa. Ba jini tsakaninmu, ba mu sha nono ɗaya ba, amma a wurin gwamnati yayana ne. Shi ya sa baffana ne ya ɗaura mana aure a masallaci nan Minneapolis, Aabo ko leƙowa bai yi ba. Ranar da hukuma ta ga na auri yayana, za a kori Liiban daga ƙasar, a kama Aabo.

"To ki ce ba ki da shi, zuciyata."

"In rantse ban san ka ba? Kuma ko na yi, sa hannun uba za su nema!"

Shi ya kira Aabo da kansa, ya buɗe muryar wayar.

"Yaron da na ɗauko don Allah, shi zai kai ni kurkuku da furfurata?" in ji Aabo. "Ta dawo gida ba igiyarka a kanta, in sa hannu. In ba haka ba, kada ku sake kirana!"

Ya kashe.

Na ji haushin tsohon nan har wuya, na kuma ji tausayinsa, wanda ya fi ba ni haushi.

"Na fasa," na ce. "Karatun jinya ai ba farilla ba ne."

"Sai ki tsufa kina wanke banɗakin otal? Ke da kika riƙe hannun mahaifiyarki ta rasu a naƙuda, tanti babu ko ma'aikaciyar jinya ɗaya? Na ji alkawarin da kika yi mata, Sagal. Ina bakin ƙofa."

"Kai na zaɓa!"

"Na sani..."

Ya kama hannuna yana kallon lallen, ya daɗe. Idonsa ya yi ja.

"Ba za ki yi ƙarya saboda ni ba. Sagal, na sake ki, saki ɗaya."

"Liiban! Janye! Don Allah janye!"

"Yanzu gaskiya za ki rubuta."

Ya ɗauki makullin babbar motar da yake tuƙawa ya fita. Na yi kuka har shayin ya huce, na tsane shi, kuma ban taɓa son sa kamar lokacin ba.

Na danna: ba ni da aure.

Fom ya wuce tambaya ta gaba, wai 'ya'ya nawa ne a gidan mahaifina.

Na lissafa har da shi.