Gwiwar Malam Tanimu Ta Yi Shiru

Na'urar saƙa furotin ta yi ƙara sau uku, sannan ta ɗigo wani ruwa garai-garai cikin 'yar kwalba. Dakta Saudatu ta ɗaga kwalbar ta duba. Gwaji na goma sha ɗaya ke nan, kuma majinyacin mahaifinta ne.

A Kura ta shekarar 2094 jiragen haya a sama suke yawo, amma marinar mahaifin nata, Malam Tanimu, na nan yadda kakansa ya bar ta. Shekara shida rabonsa da tsoma hannu a shuni. Sojojin jininsa ne suka juya suka far wa gaɓoɓinsa, yatsu suka kanannaɗe, gwiwa ta kumbura.

Maganin wata ƙwayar kariya ce da ake kira makama. Siffarta kamar gwafa: rassa biyu na cafke sinadarin da ke hura kumburi, jela kuma na kiran sojojin jini. Jelar nan ce fitinanniya. Da an cafke sai ta kwarma ihu, sojoji su taru su yi ɓarnar da ta fi ta da. Saudatu ta sauya ƙwayoyi biyu kacal a jelar, ta mai da ita bebiya.

Wata biyu bayan allura, tsohon ya matse zane da hannunsa. Saudatu ta yi kukan daɗi, ba ta ko ɓoye ba.

Wata Laraba ya fito da zane turmi arba'in zai shanya. Sauran marina suka leƙo kamar yadda suka saba.

"Malam, me gwiwa ta ce?"

Shekara shida, in ta fara zogi ruwa na tafe, kowa kwashe shanya yake, ko da allon hasashen yanayi na gari ya ce rana za a yi. Ba ta taɓa ba su kunya ba.

"Lafiya lau," in ji shi. "Ku shanya."

Kafin la'asar ruwa ya ɓarke, shanyar unguwa kaf ta jiƙe. Saudatu ta sauko daga jirgi ta tarar da mahaifinta yana gudu a cikin ruwan, rungume da zannuwa, yana ƙyaƙyata dariya.

"Ke 'yar nan, kin rufe mini bakin gwiwa!"

"Baba, in buɗe maka?"

"A'a wallahi, bar ta haka." Ya share fuska da shuɗin hannunsa, ya dubi sama. "Sai dai gobe, wa za mu tambaya?"

Sau goma sha ɗaya Saudatu ta auna komai, ban da wannan.